Ma'anar "Homeric" a Turanci da inda kalmar ta samo asali

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Turanci. Ina karanta wani sharhi a kan wasan ƙwallo sai na ga marubucin ya kira karawar da aka yi "a Homeric struggle". A wani wurin kuma na taɓa cin karo da "Homeric laughter". Ƙamus ya ce mini kalmar tana nufin abin jarumta ko abu mai girma. To me ya raba ta da "epic" da "heroic", kuma daga ina ta fito?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, sai dai ya taƙaita ƙwarai. Idan kika tsaya a kan "mai girma" kawai, ba za ki gane abin da ya haɗa dariya da yaƙi a ƙarƙashin siffa ɗaya ba.

Kalmar sunan mutum ce aka ɗora wa ɗafi. Mutumin shi ne Homer, mawaƙin Girka na dā, wanda ake jingina masa dogayen waƙoƙi biyu, Iliad da Odyssey. Girkawa suna kiransa Homeros, kuma tun a harshensu akwai siffar homerikos, wato abin da yake na Homer ko mai kama da nasa. Latin ya karɓa ya ce Homericus, Faransanci ya ce homérique, Turanci ya ce Homeric. Hanyar ginin ɗaya ce da ta Platonic daga Plato da Socratic daga Socrates. Saboda daga sunan yanka ta fito, kullum da babban baƙi ake fara ta, ko da a tsakiyar jimla take. Nauyin furucinta kuma a gaɓa ta biyu yake, ho-ME-rik, ba kamar sunan kansa ba da ake danna gaɓar farko.

Turawa suna amfani da ita ta fuska uku. Akwai ta masana, wadda ba ta ɗauke da yabo ko zuzutawa: "Homeric Greek" shi ne nau'in Girkancin da ke cikin waƙoƙin, "Homeric Hymns" kuma wasu waƙoƙin yabon alloli ne guda 33 da mutanen dā suka jingina masa, ko da yake masana a yau ba su ɗauke su nasa ba. Akwai ta salo, idan rubutun wani ya yi kama da nasa. Sannan akwai wadda kika gani a sharhin ƙwallo, inda ake nufin abu ya wuce ma'aunin 'yan Adam na yau da kullum. Ta ukun daga ta biyun ta tsiro, don haka sai mun shiga cikin waƙoƙin.

Yawancin masana suna sa waƙoƙin biyu a ƙarshen ƙarni na 8 ko farkon na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Herodotus, marubucin tarihi na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce Homer ya riga shi da shekara 400. Garuruwa da yawa sun yi ta jayayya a kan wanne ne mahaifarsa, fitattu a ciki su ne Smyrna, wadda ita ce Izmir ta Turkiyya a yau, da tsibirin Chios, inda aka taɓa samun wata ƙungiyar masu rera waƙa da ke kiran kansu zuriyar Homer. Al'ada ta ce makaho ne. Sunan kansa ma ya jawo magana, domin homeros a Girkanci yana nufin mutumin da aka riƙe a matsayin jingina. Iliad tana da ɗangwaye sama da 15,600, Odyssey kuma sama da 12,000, kowacce an kasa ta littafi 24, daidai da yawan haruffan Girkanci.

Mutane da yawa suna zaton Iliad labarin yaƙin Girkawa da birnin Troy ce daga farko har ƙarshe. Ba haka ba ne. Yaƙin ya yi shekara goma, amma waƙar ta ɗauki 'yan makonni ne kawai daga shekara ta goma, kuma kalmarta ta farko ita ce menin, wato fushi. Fushin Akilis, gwarzon Girkawa, wanda babban kwamandansu Agamemnon ya ƙwace wa ƙwarƙwarar da ya samu a ganima. Akilis ya yi zuciya ya koma tantinsa ya zauna, ana ta kashe mutanensa yana kallo, har sai da Hekto, yariman Troy, ya kashe amininsa Fatroklus. A nan ne fushin ya juya, ya fito ya kashe Hekto, ya ɗaura gawar a bayan karusarsa yana ja a ƙasa. Odyssey kuwa labarin Odisiyus ne, wanda ya yi wata shekara goman yana fama a teku da tsibirai kafin ya koma gidansa a Ithaca, ya tarar da masu neman auren matarsa sun cika gidan suna cinye masa dukiya.

Girman da ƙamus ya faɗa miki yana nan, ba a ɓoye ba. A littafi na 5 na Iliad, jarumi Diyomedis ya ɗaga wani dutse shi kaɗai, mawaƙin ya ce mutum biyu irin na yanzu ba za su iya ɗaukarsa ba. Tun a zamanin Homer ke nan ana ganin mazan jiya sun fi na yau. A littafi na 2 akwai jerin jiragen ruwan da suka je yaƙin, gari bayan gari, shugaba bayan shugaba, idan aka haɗa sun kai 1,186. Ana cin abinci, sai a yanka shanu a gasa a raba har kowa ya ture. Ana kuka, sai gwarzo ya faɗi ƙasa yana zuba toka a kansa. Babu abin da ake yi rabi da rabi. Shi ya sa Bature zai iya cewa an yi "Homeric feast" idan aka yi walimar da abinci ya yi ambaliya, ko "Homeric battle" idan aka yi gumurzun da ya daɗe kuma kowane ɓangare ya ba da iya ƙarfinsa.

Dariyar da kika tambaya tana da takamaiman wuri, ƙarshen littafi na 1 na Iliad. Allolin da Girkawa suke bautawa a wancan zamani suna zaune a wurin liyafa a dutsen Olympus, sai rigima ta tashi tsakanin Zeyus da matarsa Hera a kan yaƙin. Ɗansu Hefestus, maƙeri kuma gurgu, ya tashi ya lallashi mahaifiyarsa, sannan ya ɗauki aikin zuba abin sha yana zagaya su ɗaya bayan ɗaya. Ganin yadda yake ɗingishi yana haki a cikin fadar, sai dariya ta ɓarke musu, irin wadda ba ta kasuwa. Kalmar da Homer ya siffanta dariyar da ita ita ce asbestos, wato abin da ba a iya kashewa, kamar wutar da ta fi ƙarfin ruwa. Ita ce dai kalmar da daga baya aka raɗa wa ma'adinin nan da ake yin rufin ɗaki da shi. Irin dariyar ta sake faruwa a littafi na 8 na Odyssey, lokacin da Hefestus ya kama matarsa Afrodita da kwartonta Ares a cikin wata raga da ya ƙera, ya kira sauran su zo su gani. Don haka "Homeric laughter" dariya ce ta taro, mai ƙarfi, wadda ba a iya tsayar da ita, kuma idan kika lura da asalinta, ba ta rasa ɗan mugunta a ciki, domin duka biyun wani ake yi wa. Faransawa da Jamusawa ma suna da wannan furuci a harsunansu.

Amma a ganina abin da ya sa siffar ta cancanci zama daban ba girman ba ne. Waƙoƙin yaƙi masu kambama jarumai suna ko'ina a duniya. Abin da Homer ya yi fice da shi shi ne, duk girman abin da yake bayarwa, idonsa ba ya barin ƙananan abubuwa. Dubi abin da ake kira "Homeric simile", doguwar kamance da kan ɗauki ɗangwaye da yawa, har mai sauraro ya kusa mantawa da cewa a fagen fama yake. A littafi na 11, mutanen Troy sun taru a kan Ajas, ƙaton jarumin Girkawa, suna tura shi baya yana ja da kyar. Mai ƙaramar basira zai ce kamar zaki, ya wuce. Homer ya kawo zakin, sannan ya ƙara da jaki: jakin da ya fi ƙarfin yaran da ke kora shi, ya kutsa gonar hatsi yana ci, suna ta jibgarsa da sanduna har sandunan suna karyewa a bayansa, bai fita ba sai da ya ƙoshi. Babban gwarzo ne fa aka kwatanta da jaki, kuma maimakon darajarsa ta ragu, taurin kansa ne ya fito fili yadda zaki ba zai iya nunawa ba. A farkon littafi na 16, Fatroklus ya zo wurin Akilis yana hawaye saboda halin da Girkawa suke ciki, sai Akilis ya tambaye shi me ya sa yake kuka kamar ƙaramar yarinya da ke bin uwarta a guje, tana jan zanenta, tana ɗaga kai tana kallonta da hawaye har sai an ɗauke ta. Wanda ya tsara wannan ya zauna a tsakar gida ya kalli yara.

Haka yake yi da matattu. Mutum zai bayyana a waƙar sau ɗaya tak, don a kashe shi, amma ba za a bar shi ya faɗi ba suna ba asali. A littafi na 4 akwai wani saurayi Simoyisiyos, an gaya mana mahaifiyarsa ta haife shi a bakin kogin Simoyis lokacin da ta sauko daga dutse tare da iyayenta don duba tumaki, shi ya sa aka sa masa sunan kogin, kuma bai rayu ya rama wa iyayensa wahalar renonsa ba. Wannan saurayin ɗan ɓangaren abokan gaba ne, mawaƙin kuma Bagirke. A littafi na 6, Hekto ya miƙa hannu zai ɗauki jaririnsa kafin ya koma fagen fama, yaron ya tsorata da hular kwano mai gashin doki da ke kansa ya ƙanƙame mai renonsa yana ihu, uwa da uba suka yi dariya, Hekto ya cire hular ya ajiye a ƙasa sannan ya karɓe shi. A littafi na ƙarshe, dattijon sarkin Troy, Firiyam, mahaifin Hekto, ya shiga sansanin maƙiya da dare, ya durƙusa ya sumbaci hannuwan da suka kashe 'ya'yansa, ya roƙi gawar Hekto, ya ce wa Akilis ya tuna da nasa mahaifin. Su biyun suka yi kuka tare, kowa yana kukan nasa, sannan suka ci abinci. Waƙar da ta fara da fushin Bagirke ta ƙare da jana'izar mutumin Troy. Idan mai sharhin adabi ya ce wani littafi "Homeric" ne, kuma ya san abin da yake faɗa, wannan yake nufi: faɗi da girma, tare da adalci ga ɓangarori biyu da ido mai ganin ɗan Adam a cikin gwarzo.

Sai kuma laƙabobi, waɗanda su ne alamar da aka fi saurin gane salon da ita. Ba a cika ambaton Akilis haka kawai ba, sai an ce mai saurin ƙafa. Hekto mai horar da dawaki ne ko mai hula mai ƙyalli, Odisiyus mai yawan dabara, alfijir mai jajayen yatsu, teku mai launin giya. Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, mu da ba ma ambaton Kano a bakin maroƙi sai an biyo da "ta Dabo tumbin giwa". Sai dai akwai wani abin mamaki da ya daɗe yana damun masu karatu: ana kiran Akilis mai saurin ƙafa yana zaune a tanti bai motsa ba, ana kiran jirage masu gudu alhali an jawo su kan tudu.

Wanda ya warware wannan shi ne wani Ba'amurke, Milman Parry. Waƙoƙin Homer ba su da amsa-amo, karinsu ne ke riƙe da su, kuma karin ya ginu ne a kan dogayen gaɓoɓi da gajeru, kamar yadda aruli yake a waƙar Larabci da rubutacciyar waƙar Hausa. Kowane ɗango ƙafa shida ne, ƙafar kuma doguwar gaɓa ɗaya da gajeru biyu, ko dogaye biyu. Parry ya nuna cewa laƙabobin kayan aiki ne: kowane jarumi yana da laƙabi mai tsawon da ya dace da wani gurbi a ɗango, kuma da wuya a sami biyu masu awo ɗaya suna aiki ɗaya. Tsari irin wannan ba mutum ɗaya ne ke ƙirƙiro shi da alƙalami ba, gadon mawaƙan baka ne da suka yi ɗaruruwan shekaru suna tsara waƙa a gaban jama'a, inda babu damar tsayawa a yi tunani. Don ya tabbatar, tsakanin 1933 da 1935 ya je Yugoslabiya tare da ɗalibinsa Albert Lord, suka naɗi mawaƙan baka da ke rera labaran yaƙi da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, gusle. A can suka sami Avdo Međedović, Musulmi wanda bai iya karatu ba, ya ba su waƙa ɗaya mai ɗangwaye sama da 12,000, kusan tsawon Odyssey. Parry ya rasu a 1935 yana da shekara 33, Lord ya ci gaba da aikin har ya fitar da littafinsa The Singer of Tales a 1960. Wannan ya sauya akalar muhawarar da ake kira "Homeric Question", wadda Bajamushe Friedrich August Wolf ya tayar a 1795, a kan ko mutum ɗaya ne ya tsara waƙoƙin ko haɗe-haɗe ne na mutane da yawa. Har yau ana muhawarar, amma babu mai musun cewa tushen salon na baka ne.

Yadda sunan ya zauna a bakin Turawa kuwa, makaranta ce da fassara. An fara buga waƙoƙin da Girkanci a birnin Florence na Italiya a 1488. George Chapman ya kammala fassara Iliad zuwa Turanci a 1611, Alexander Pope ya fitar da tasa tsakanin 1715 da 1720, ya kuma sami kuɗi mai yawa da ita. Ƙarni bayan ƙarni, 'ya'yan masu hali a Ingila da Girkanci da Latin ake tarbiyyarsu, don haka ɗan jarida ko ɗan majalisa yana iya jefa sunan Homer a magana ya tabbata za a gane. A 1861 Matthew Arnold ya buga laccocinsa na Oxford a kan fassara Homer, inda ya ce siffofinsa huɗu ne: sauri, sauƙin lafazi, sauƙin tunani kai tsaye, da ɗaukaka. Ki lura biyu daga cikin huɗun sauƙi ne. Masu zaton "Homeric" tana nufin manyan kalmomi da kumbura murya sun ɗauko hoton ne daga masu kwaikwayo da wasu masu fassara, ba daga shi ba. Larabawa kuma suna kiransa Humirus, kuma Sulaiman al-Bustani, ɗan Lebanon, ya fitar da fassarar Iliad cikin waƙar Larabci a Alƙahira a 1904.

To, bambancin kalmomin uku. "Heroic" daga heros take, tana siffanta hali ko aiki: ma'aikacin kashe gobara da ya shiga wuta ya ceto yaro ya yi abin da za a kira "heroic", amma ba wanda zai ce "Homeric", domin abu ne na mutum ɗaya cikin 'yan mintuna. "Epic" daga epos take, wato magana ko waƙa, kuma asalinta sunan nau'in adabi ne, doguwar waƙar labari, wadda ta haɗa da Aeneid ta Virgil da Paradise Lost ta Milton da Mahabharata ta Indiya. A yau ta yi arha, matasa a intanet suna kiran duk abin da ya burge su "epic". "Homeric" ta fi su ƙunci kuma ta fi su tsada. Tana so a sami ɓangarori biyu da suka cancanci juna, a daɗe ana yi, a ga ƙarfi da gajiya da taurin kai, har wanda ya sha kaye ma ya fita da mutuncinsa. Wasan da aka ci biyar da nema ba "Homeric" ba ne, komai kyansa. Wanda aka yi ta kai da komo har ƙarin lokaci, 'yan wasa suna faɗuwa don gajiya suna tashi, shi ne marubucinki yake nufi. Kuma ki sani sau da yawa da ɗan murmushi ake faɗarta. Idan Bature ya ce maƙwabta biyu sun yi "Homeric quarrel" a kan katanga, ba'a yake yi, yana ɗora rigar manya a kan ƙaramin abu.

Akwai wani furucin da za ki ci karo da shi, "even Homer nods", wato Homer ma yakan yi gyangyaɗi. Ya samo asali daga mawaƙin Rum Horace, kuma ana faɗarsa idan gwani ya yi kuskure. Misalin da aka fi kawowa shi ne wani sarki Pylaemenes, wanda aka kashe a littafi na 5 na Iliad, sai ga shi a littafi na 13 yana bin gawar ɗansa yana kuka.

Tun da ɗaliba ce ke, ki kiyayi tarko biyu a jarrabawa. Labarin dokin katako da aka ci Troy da shi ba ya cikin Iliad, domin waƙar ta ƙare birnin yana tsaye. An ambace shi a Odyssey, amma cikakken bayaninsa yana littafi na 2 na Aeneid, wadda Virgil ya rubuta da Latin ƙarnoni da yawa bayan Homer. Haka ma labarin cewa mahaifiyar Akilis ta tsoma shi a kogi tana riƙe da diddigensa, har wurin ya zama lagonsa, Homer bai san da shi ba, a wurin mawaƙin Rum Statius na ƙarni na 1 Miladiyya aka fara samunsa a rubuce. Idan kina so ki ji salon da kanki ba tare da karanta duka ba, ki fara da littafi na 6 da na 24 na Iliad, sannan na 9 na Odyssey, inda Odisiyus ya faɗa kogon ƙaton nan mai ido ɗaya. Fassarar Emily Wilson ta Odyssey, wadda ta fito a 2017, Turancinta mai sauƙi ne, za ta fi ta Pope daɗin shiga ga mai farawa.